Gidan Maigida: Sharhi a Kan Littafin Abner Cohen Game da Sabo

Watanni kaɗan da suka wuce aka sayar da wani tsohon gida a layinmu. Ba zan kama suna ba, don duk wanda ya san layin ya san gidan. Gida ne mai zaure biyu, wanda a zamanin kakanninmu ba a raba shi da baƙi daga Arewa, wasu sun kawo shanu, wasu suna jiran a ɗaure musu huhun goro. Maigidan ya rasu da daɗewa, 'ya'yansa ma yawancinsu sun bi shi. Jikoki suka zauna sau uku aka kasa daidaitawa a kan wanda zai gyara rufin da yake yoyo, ƙarshe aka ce a sayar a raba kuɗin kowa ya huta. Ranar da aka zo da safiyo yana auna bango, wani dattijo da muke zaune tare a ƙofar masallaci ya dube ni ya ce, "Malam, irin gidan nan fa har a littafin Bature an rubuta shi." Na ce, "Baba, ka karanta littafin ne?" Ya yi dariya, ya ce shi dai ya ji ana faɗa.

Haka mafi yawanmu muke da littafin nan, ji muka yi ana faɗa. Duk lokacin da ɗaliban jami'a suka shigo unguwa da biro da takarda suna tambayar tarihin Sabo, sunansa ne a bakinsu, mu kuma sai mu ji daɗi wai an rubuta mu a Turai. Maganar dattijon nan ce ta sa na lalubo kwafin da na yi hoto tun ina makaranta, na sake bin sa daga farko har ƙarshe, wannan karon da idon wanda ya ga ana auna gidan maƙwabcinsa. Abin da na fito da shi shi ne, mutumin ya fahimci gidajenmu fiye da yadda na zata, kuma akwai gargaɗi a cikin littafin da muka tsallake, saboda mun ɗauke shi kirari ne aka yi mana.

Marubucin da tambayarsa

Abner Cohen haifaffen Bagadaza ne ta ƙasar Iraƙi. An haife shi a 1921, ya yi karatun nazarin al'umma a Jami'ar Manchesta da ke Ingila, ya rasu a 2001. Ya zauna a nan Ibadan daga 1962 zuwa 1963 yana bincike a Sabo. Ya bi gidaje ya ƙirga mutane, ya zauna a kara da zaurukan masu gida, ya kuma karanta tsofaffin takardun En'e. A 1969 littafin ya fito da sunan Custom and Politics in Urban Africa, wato al'ada da siyasa a biranen Afirka, kuma an bayyana a bangonsa cewa nazari ne a kan Hausawan da suka yi ƙaura zuwa garuruwan Yarbawa. A ƙidayarsa ya samu Hausawa 4,184 a unguwar.

Tambayar da ta dame shi mai sauƙi ce. Masanan zamaninsa sun ɗauka duk wanda ya bar garinsu ya shiga babban birni, a hankali zai saki al'adarsa ya narke cikin jama'ar da ya tarar. To ga Hausawan Sabo, shekara kusan hamsin suna tsakiyar Yarbawa, amma kullum ƙara riƙe Hausancinsu suke yi, a sutura da harshe da aure da ibada. Me ya kawo haka? Amsarsa ita ce ciniki. Shanu da goro sana'o'i ne da ba sa tafiya sai da amana, amana kuma ba ta tsayuwa sai a cikin jama'ar da ta san juna, jama'ar kuwa sai da wurin zama. Daga nan ne gidaje suka shigo tsakiyar littafin, kuma a ganina nan ne ya fi ƙarfi.

Ƙaramin gari a bayan babban gari

Matasanmu da suka taso suka ga gadar sama a Mokola da cunkoson motoci ta ko'ina ba za su yarda ba in aka ce musu Sabo bayan gari ce. Amma haka aka kafa ta. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Legas a 1901, layin ya kai Kano a 1911, daga nan zirga-zirgar 'yan Arewa ta ƙaru. Hausawan farko a cikin gari suke zaune, wajen Oja'ba, a gidajen Yarbawa. A 1916 ne aka yanka musu fili a gefen gari, kusa da inda muka sani da filin sukuwa, inda filin wasa na Adamasingba yake yanzu. A lokacin ma sarkin Ibadan Baale ake ce masa, sarautar Olubadan sai a 1936 ta samu wannan suna.

Cohen bai ɓoye abin da ya gani a takardun En'e ba, cewa cikin dalilan ware mu har da ƙorafin sace-sace da ake ɗora wa wasu baƙi 'yan Arewa. Wannan ba ya cikin labarin da muke ba 'ya'yanmu, amma na yaba masa da ya faɗa, domin ya nuna yadda kakanninmu suka karɓi abin da aka yi don a tsare su, suka mai da shi garkuwarsu. Cikin 'yan shekaru Sabo ta zama ƙaramin gari mai cin gashin kansa a bakin babban gari, da sarkinta da limaminta da mahautanta, har makafi da guragu da kutare kowane rukuni da shugabansa da wurin kwanansa.

Abin da gida yake yi

Babin da ya yi a kan masu gida shi ne wanda nake so kowane ɗan Sabo ya sani. Bari in kawo shi da bakina. Falke ya taso da shanu daga Arewa, ko a ƙafa ko a jirgi. Da zarar sun shigo ƙasar kurmi ƙudan tsando ya fara aikinsa, saniya ba ta daɗewa sammore ya kama ta ta rame. Dole ya sayar da wuri. Masu saye kuwa mahautan Yarbawa ne, waɗanda ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar da nama. Falke bai san su ba, ba ya jin yarensu, ba banki, ba takarda, ba kotun da za ta bi masa bashi kafin ya koma. Sai ya sauka a gidan maigida. Maigida ya ba shi ɗaki da abinci, dillalan maigida sun san kowane mahauci da halinsa, wane yana biya, wane ya fara tangal-tangal. Aka yi ciniki bashi, maigida ya tsaya. In mahauci ya gudu, maigida ne zai biya.

Goro kuma hanyarsa ta juya. Kuɗi ne suke zuwa daga Arewa a damƙa wa maigida, 'yan kamashonsa su shiga ƙauyuka su sayo daga manoma, a kawo Sabo a zaɓe, a fitar da mai sankara, a jera a ganyen fita a ɗaure huhu, a kai tasha. Kowane mataki yana bukatar ɗaki, na ajiya da na ɗauri da na kwanan mai kaya da yaransa.

To me zai sa mutum ya miƙa dukiyar da ya tara shekara da shekaru ga wanda bai haɗa komai da shi ba? Nan Cohen ya sa yatsa a daidai wurin. Gidan ne jingina. Mutumin da yake da gidaje da mata da 'ya'ya da yaran da ya aurar da 'yan riƙo ba zai iya naɗe su cikin dare ya ɓace ba. Yawan ɗakunan mutum shi ne yawan baƙin da zai iya saukewa, yawan baƙinsa shi ne yawan la'adarsa, la'adar kuma ita ce ke sayen wani gidan. Ya ce masu gida kimanin 30 ne suke riƙe da fiye da rabin gidajen unguwar a lokacin, kuma su ne ginshiƙan da sarautar Sabo ta dogara a kansu.

Duk wanda ya tashi a irin gidan nan zai gane hoton. Ni ina tuna kakata tana ɗora tukunyar da yaro zai iya ɓuya a ciki, ba biki ba suna, baƙin maigida kawai ake dafa wa. A lokacin na ɗauka karamci ne zalla. Sai da na karanta Cohen na gane tuwon nan yana cikin jarin gidan, kuma hakan bai rage masa lada ba.

Inda ban bi shi ba

Akwai wurare uku da nake ganin littafin ya gaza, kuma ya kamata a faɗe su tun da ɗalibai suna haddace shi kamar karatun allo.

Na farko maganar ɗariƙa. Ya lura cewa a farkon shekarun 1950 mutanen Sabo sun shiga Tijjaniyya da yawa, kuma a 1952 suka daina zuwa babban masallacin gari suka tsayar da Juma'arsu a unguwa. Ya haɗa wannan da abin da ke faruwa a siyasa, wato mulkin Turawa yana naɗe tabarmarsa, jam'iyyu sun shigo, goyon bayan da hukuma take ba sarkin unguwa ya yi rauni, sai jama'a suka sake ɗaure kansu ta hanyar addini don kada cinikinsu ya kuɓuce. Ban ce lokutan ba su zo ɗaya ba, kuma shi ma bai ce mutanen munafunci suke yi ba. Amma a waɗannan shekarun ne karantarwar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha take bazuwa a Kano da Zariya da Kumasi, har da cikin Yarbawan kansu, a wuraren da babu wata kara ko huhun goro da ake karewa. Abin da ya motsa zukata a can shi ya motsa su a nan. Cewa ɗariƙar ta amfani haɗin kan unguwa gaskiya ne. Mai da wannan amfanin ya zama shi ne bayanin shigarta, nan ne ya auna zuciyar mutane da mudun kasuwa.

Na biyu, bangon da ya zana tsakaninmu da Yarbawa ya yi tsawo da yawa. Hujjarsa tana bukatar Sabo ta zama rufaffiya, don haka abin da ya raba mu ya fi samun wuri a shafukansa a kan abin da ya haɗa mu. Ko da hoton ya yi kusa da gaskiya a 1963, yau jikokin mutanen da ya ƙirga suna Yarbanci kamar Hausa, wasunmu iyayensu mata Yarbawa ne, wasu ba su taɓa kwana bakwai a jere a garin da ake cewa nasu ne a Arewa ba. A yi masa adalci, shi da kansa ya bambanta 'yan unguwa zaunannu da baƙin da suke zuwa su koma. Sai dai masu karanta shi a gurguje kalmar ƙaura da ke bangon littafin kawai suke ɗauka, su ci gaba da rubuta mu a matsayin baƙi bayan shekara ɗari da ɗoriya. Wannan ba ƙaramar magana ba ce in aka zo batun fili, domin wanda aka saba kira baƙo, gidansa ma masauki ake ganin sa.

Na uku, kuma shi ya fi damuna, Cohen a zaure ya tsaya. Ya san wa ke riƙe da ɗaki nawa, amma yadda ake rayuwa a cikin ɗakin bai dame shi sosai ba. Mutum nawa ke layin bayi ɗaya da asuba, ina ruwan wanka yake bi in ya fita, me ke faruwa da ɗan haya in maigida ya bukaci ɗakin don baƙo mai shanu, waɗannan ba su ne tambayoyinsa ba. Ya yi rubutu a kan mata, har ya daɗe a kan matan da suke zaman kansu tsakanin aure da aure, abin da ya sa wasu dattawanmu da suka ji labarin babin suka tsani littafin ɗungurungum. Ya kuma ga abin da ya kamata a gani, cewa matan kulle su ne ke ciyar da baƙi da gwauraye ta hanyar tallar yara, suna tara ribar a kwanuka masu fenti da ake jerawa a ɗaki. Amma in ya zo lissafin iko, gida na namiji ne kawai. Alhali a gidan da na tashi, da gidaje da yawa da na sani, kwanon rufi da simintin daɓe daga adashen mata suka fito, kuma sau da yawa tsohuwar da ke ƙuryar gida ita ce ta hana a sayar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa Cohen masu zaure ya fi tambaya.

Sai kuma harshen. Turanci ne na malaman jami'a, an rubuta shi don a yi muhawara da wasu masana a Landan da Manchesta. Mutanen da aka zauna a zaurukansu aka sha furarsu, har suka koma ga Allah littafin bai zo hannunsu da Hausa ba.

Gargaɗin da muka tsallake

Yanzu ga abin da ya sa na ce mun yi wa littafin gurguwar fahimta. In aka bi hujjar Cohen zuwa ƙarshenta, abin da take cewa shi ne, gidajen Sabo sun tsaya ne saboda suna da aikin yi. To ina aikin yake yau?

Tirela tana ɗauko shanu daga Arewa ta sauke su cikin kwana biyu, kara kuma tana can Akinyele. Kasuwar Bodija da aka buɗe a 1987 ta ja nata rabon, kayan gwari suka tare a Shasha. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, mai kaya yana zaune a Kano ko Sakkwato ya yi ciniki, kuɗi su faɗa asusunsa kafin direba ya juyo. Ba ya bukatar kwana goma a ɗakin kowa. Dillanci bai mutu ba, amana ma ba ta mutu ba, ga 'yan canjinmu nan a bakin titi suna juya miliyoyi da kalmar baki, abin da Cohen zai gane nan take in da ya dawo. Amma ɗan canji teburi da waya yake bukata. Amanar ta fita daga cikin gida ta bar ginin a tsaye.

Tsofaffi sun ba ni labari cewa a da in maigida ya rasu gidansa ya tashi watsewa, wani maigidan ne ko babban yaronsa yake saye, don yana da baƙin da zai zuba a ciki. Gidan ya canja hannu amma yana nan a cikin unguwa yana aikinsa. Yau ɗakunan baƙi sun koma na haya. Kuɗin hayar in aka raba wa magada ashirin ba ya sayen buhun siminti a hannun ko ɗaya, don haka kowa ya karɓi nasa ya sa aljihu, bango yana tsagewa ana kallo. Mai sayen da yake zuwa kuma ba ɗakuna yake so ba, fili yake so a bakin hanya ya rushe ya jera shaguna. Ba na zargin magada. Rabon gado hukuncin Allah ne, kuma wanda yake da kuɗin makaranta a wuyansa ba a ce masa ya riƙe tarihi. Abin da nake cewa shi ne, tsarin da ya riƙe gidajen nan ya tafi, ba mu kafa wani a madadinsa ba.

Ga kuma batun shaida. Yawancin gidajen nan an saye su ne a gaban sarki da dattawa, aka yi addu'a aka raba goro, wani lokaci da 'yar takarda da ajami, wani lokaci babu. A zamanin da kowa ya san kowa wannan ya isa, domin wanda ya musa shaidar sarki ba shi da sauran wurin zama a Sabo. Amma a 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta sa duk filin da ke jiha a hannun gwamna, ta kuma ce sayar da fili a birni sai da yardarsa. Dokar ba ta ƙwace wa kowa gidan da ya riga ya gina ba, ta amince da shi a matsayin mai riƙe da wurin. Sai dai ranar da aka ja da kai, hujja za a tambaya. Shaidun kakanka duk suna maƙabarta. Takardar ajamin tana cikin wata adaka da gara ta ci rabinta, ko tana hannun wani baffa da ba a ga maciji da shi. Abin da ya faru a Shasha a watan Fabrairun 2021, inda rumfuna da gidaje suka ƙone, ya isa ya tuna mana cewa takardar da take da kwafi ɗaya tak a cikin ɗaki dare ɗaya ya ishe ta.

Akwai laifin da yake namu tun daga kakanni, wanda littafin ya taimaka mini na gani. Da yawa cikinsu sun zauna a nan shekara hamsin, sun haihu sun aurar a nan, an binne su a nan, amma bakinsu bai daina cewa za a koma gida ba. Wanda yake shirin komawa ba ya wahalar da kansa da safiyo da lauya. Mu da muka san ba inda za mu, mun gaji gidajen tare da wannan sakacin.

Hukuncina

Littafi ne mai kyau, kuma bayan shekara hamsin da wani abu ban ga wanda ya bayyana dangantakar ɗaki da la'ada da sarauta a unguwar nan kamar shi ba. Ya girmama kakanninmu ta hanyar da ta fi yabo, wato ya ɗauke su mutane masu dabara da suka gina tsarin bashi da lamuni tsakanin Kano da Ibadan ba tare da banki ba. Ya yi kuskure da ya nemi ya bayyana ibada da lissafin kasuwa, ya tsawaita katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta, kuma bai wuce zaure ya ga tsakar gida yadda ya kamata ba. Wanda zai karanta shi ya riƙe waɗannan a ransa.

Abu uku nake roƙo. Cikin 'ya'yanmu da suka yi digiri a samu waɗanda za su nemi izini su fassara shi da Hausa, ko da babin masu gida ne kaɗai, a riƙa karanta shi a zaure ana gyara masa inda ya kauce. Na biyu, rabin da bai rubuta ba mu ne za mu rubuta, kuma masu ba da labarin suna ƙarewa. Kowane gida akwai tsohuwa ko tsoho da ya san wa ya gina, daga hannun wa aka saya, su wa suka yi shaida, wace shekara aka cire jinka aka sa kwano. Wayar da ke aljihunka ta isa ka ɗauki muryarsu a yammacin nan. Na uku, kowane iyali su fito da takardunsu tun ana ga maciji, a yi musu hoto a ajiye a wurare daban-daban, a nemi lauya a san matsayin gidan a hukumance. Inda magada suka yi yawa, a zauna da malamai a duba ko za a bar gidan a dunƙule a naɗa mutum ɗaya ya kula, a ware wani abu daga haya don gyara kafin a raba, ko kuma wanda yake da hali a cikin dangi ya sayi kason sauran. In ma sayarwar ce ta zama dole, a yi ta da sani da farashin da ya dace, kada ta zama ta wanda rufi ya faɗo masa.

Na koma na gaya wa dattijon nan abin da na karanta. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai Baturen bai yi ƙarya ba, sai dai bai ga ƙarshen wasan ba." Na ce, "Baba, mu ma ai ba mu gani ba tukuna." Gidan layinmu dai an riga an kwance masa rufi, an tara tsofaffin kwanukan a gefen hanya ana jiran mai saye. Allah Ya jiƙan waɗanda suka gina, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.